Haƙorin da Ya Hana Mahauci Hura Rago

Matso nan kusa, ɗan'uwa, gyara zama in ba ka labarin yadda haƙori guda ɗaya ya kusa raba maigidana da sana'ar ubansa. Ina faɗa ne don kada wani ya sake wautar da muka yi, don mun yi ta da yawa, kuma ni ma da hannuna a ciki.

Sunana Barira, muna zaune bayan kasuwar Katako a nan Yamai. Maigidana Sanda, wanda nake ce wa Baban Zali, mahauci ne, Bagobiri, iyayensa daga wajen Maraɗi suka zo. Mahauta suna da yawa a garin nan, amma shi da hura dabba aka san shi. In an yanka rago, sai ya ɗan tsaga fatar ƙafar baya, ya zura tsinke ya buɗe hanya, ya kafa baki ya yi ta hurawa yana bubbuga cikin da tafin hannu, har ragon ya kumbura tim ya mimmiƙe ƙafafu. Daga nan fata sai ta rabu da nama kamar ana tuɓe riga. Majema har gida suke biyo fatarsa don ba a samun huji ko ɗaya a jikinta. Da iskar bakin nan nasa muke ci, da ita muka aurar da ƴarmu Zali.

Abin ya faru ne shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma suka karɓi mulki. Ranar da aka ji harbi daga wajen unguwar Filato da rana tsaka, kowa yana gudu yana rufe shago, sai ga Baban Zali ya shigo dafe da kunci. Na yar da muciya na ce, "Wayyo Allah, harsashi?"

Ya ce, "Ina ma harsashin ne. Haƙorin ƙurya ne na sama, na dama."

Satin farko mun yi abin da kowa ke yi. Kanumfari, jar kanwa, ruwan gishiri mai ɗumi. Na ce ya je likita, ya ce da wane lokaci? Makiyaya suna ta kwararowa da dabbobi ramammu suna sayarwa kafin su mutu a hannunsu, yanka ya yi yawa, ba zai je ya ɓata wuni a layi ba. Sai ya aika aka kira amininsa Ɗan Tawa, wanzamin da ke masa aski duk Juma'a.

Ɗan Tawa ya zo da hantsi da awartakinsa naɗe cikin tsumma. Ya zaunar da shi ƙasa, ya matse kansa tsakanin gwiwoyi, ya ce, "Buɗe, sarkin fawa. Yau kai ne ragon." Ya ja, ya murɗa, ya sake ja. Daga madafa na ji wani ƙas! Ya ɗaga haƙorin sama yana murmushi.

Baban Zali ya tofar da jini, ya karɓi haƙorin ya jujjuya. Ya ce, "Wannan ai ƙafa uku gare shi. Ga biyu. Ina ta ukun?"

"Naka biyu Allah ya yi masa."

"Ga wurin karaya nan ina gani."

"Tsufa ne, ya zaizaye. Ciji auduga ka yi shiru."

Kashegari da safe na miƙa masa shayi. Ya kurɓa, sai na ga shayin yana ɗigowa ta hancinsa na dama, ɗis, ɗis, cikin gemu. Ya dube ni, na dube shi. Ya sake kurɓa, ya sake fitowa. Allah ya gafarta mini, na yi dariya har na zauna ƙasa. Shi ma ya yi. Da ya zo alwala ya ce an sauƙaƙa masa, yanzu in ya kurkure baki hanci ma ya samu rabonsa.

Dariyar ba ta wuce kwana uku ba. Ran da ya koma aiki, ya kafa baki a ƙafar rago ya hura, sai iskar ta bi ta ramin haƙorin ta fito ta hanci tana fiii, kamar usur ɗin ɗan sanda. Rago ko motsi bai yi ba. Abokan sana'arsa suka ce taksi biyu sun tsaya a bakin titi. Kafin azahar ya dawo gida, ya jingina da bango bai ko cire takalmi ba. Ya ce, "Barira, iskata tana zurarewa." Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

A sati na biyu yayarsa, Yaya Hassu, ta iso daga ƙauye da ƙunshin kayanta, don rumbunsu ya ƙare tun kafin zafi ya shigo. Ta duba bakin ta ce wannan ba ciwon likita ba ne, hannu ne, wani mahauci ne ya yi masa don ya gaje masa majema. Ta sa aka yi turare, aka yi sirace, aka sha rubutu kwana bakwai. Rubutun ma rabinsa ta hanci ya dawo. Ta ce ka gani, abin ba ya son ayar Allah.

Nan ne ni kuma na kawo tawa dabarar. Na ce in tulu ya huje ai liƙe shi ake yi. Na jiƙa ƙaro ya yi laushi, na cuɗa shi da auduga, na danna masa cikin ramin da ɗan yatsana. Ya kumbura kumatu, shiru, ba usur. Ya ce, "Ashe matar nan da kai!" Yini guda ina tafiya a tsakar gida kamar wadda ta gama karatun likita. Ya hura rago na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku ya ja numfashi ya danna da ƙarfi, sai ya ji wani abu ya yi sama cikin kuncinsa har ƙarƙashin ido. Ya tofar da ƙaron, amma abin da ya hau bai sauko ba.

Daga nan ciwo ya canza. Kuncin dama ya kumbura, kai ya yi nauyi, in ya yi sujada sai ya ce kamar an cika masa rabin fuska da yashi. Hancin dama ya fara zubar da mugunya. Warin kuwa, mutumin da ya shekara talatin yana wanke tumbi shi da bakinsa ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Ya daina zuwa aiki. Majema suka zo sau ɗaya, sau biyu, suka koma wajen wani. Hatsi kuma kullum sai ƙara tsada yake, ga baki ya ƙaru a gida.

A sati na huɗu na ce ko ya tashi mu je likita, ko in je in kwaso ƴan'uwansa su ɗauke shi a kan amalanke. Muka je. Ni da ban cika fita ba, ranar na ga duniya. Layi tun daga ƙofa har gindin bishiya, galibi mata ne daga ƙauye da yara a hannu, yaran ba ƙarfin kuka ma. Baban Zali ya dube su ya rage nishin da yake yi. Da la'asar aka yi masa radiyo, hoton nan baƙi da fari da ake ɗagawa a haske. Aka duba aka ce gefen dama ya yi duhu, amma ba a ga komai a ciki ba. Aka rubuta odonans, wato takardar magani, muka sayi ƙwayoyi a faramasi. Kwana goma wari ya lafa, muna cewa an gama, ƙwaya na ƙarewa ya dawo har da ƙari.

Sai aka tura mu wajen likitan baki da muƙamuƙi, wani dattijo Bazabarme mai tabarau. Muna shiga ya kalli tsagen fuskar Baban Zali ya gaishe shi da Zabarmanci ya ce, "Fofo! Wa ya sako mini bawana da safen nan?" Ka san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa. Baban Zali da kumburarren kunci ya ce, "Ubangidanka ne ya zo duba ko kana aiki." Tun ran da iskarsa ta fara zurarewa sai ranar na ga haƙoransa a waje.

Likita ya duba, ya sa shi ya toshe hanci ya hura a hankali, ramin ya yi kumfa. Ya ce hanya ta buɗe tsakanin baki da hanci, kuma yana zaton akwai abin da ya maƙale a sama. Sai an buɗe an wanke an ɗinke.

Baban Zali ya ce, "Ka ga abin da za ka ciro?"

"Radiyo bai nuna ba."

"Ka san inda yake?"

"In na buɗe zan nema."

"To rufe wuƙarka. Ni tun ina yaro nake yanka, ban taɓa sa wuƙa inda ban san abin da ke ƙarƙashi ba. Ba zan ba Bazabarme fuskata ya yi lalube a ciki ba."

Na ji kamar in nutse don kunya. Likita kuwa dariya ya yi. Ya ce gaskiyarsa, shi ma ba ya son lalube, akwai wata na'ura, sikaner, da ke nuna kai ta kowane gefe, mu je mu yi.

Sikaner ɗin nan sai da muka yi masa zuwa uku. Ran farko kuran, wutar lantarki ke nan, ya ɗauke muna zaune. Ran na biyu aka ce zafi ya yi wa na'urar yawa, tana hutawa. Yaya Hassu ta ce, "Mu da muka zo a ƙasa cikin ranar nan ba mu huta ba sai ƙarfe?" Tumakina biyu da nake kiwo a bayan ɗaki a nan suka tafi, a farashin shekarar fari, wanda in na tuna har yau sai raina ya ɓaci. Ran na uku aka kira shi. Aka ce ya cire layu da hula, ya kwanta, kada ya motsa. Yaya Hassu ta leƙa ta ga ana tura kan ƙanenta cikin wani farin rami, ta fara salati da ƙarfi. Shi kuwa da aka gama aka ce ya tashi, sai ya ce ko za a sake ɗauka don a tabbatar, saboda sanyin ɗakin ya yi masa daɗi.

Ranar randebu, wato ranar da aka sa mana, muka koma mu uku wajen likita. Ya juyo mana da gilashin ordinater, wato kwamfuta. Ɗan'uwa, ga kan maigidana, ba fata, ba nama, ba gemu, haƙora a waje, yana juyawa a hankali shi kaɗai. Na ce a'uzubillahi. Yaya Hassu ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Sun feɗe shi da ransa!"

Baban Zali kuwa sai ya jawo kujera har gwiwarsa na taɓa tebur. Ya ce, "Juya min shi. A'a, ta can. Yawwa. Kana iya tsaga shi?"

Likita ya taɓa wani abu, kan ya rabu kamar an sa gatari, ba jini. Baban Zali ya nuna da yatsa ya ce, "Wannan kogon na san shi. A kan rago nan tsutsa ke zama."

Likita ya cire tabarau ya dube shi. Ya ce su sinis suke ce masa. Kowa yana da shi, ɗaya dama ɗaya hagu, ɗakin iska ne a saman haƙoran ƙurya, ƙofarsa tana cikin hanci. Amma kowa da irin gininsa. Wani daɓen ɗakinsa mai kauri ne, saiwar haƙori tana can ƙasa ba ruwanta. Na Baban Zali kuwa ɗakin ya sauko ƙasa ƙwarai, daɓen kamar ɓawon ƙwai, saiwoyin haƙoransa sun leƙo ciki. Da aka ja haƙorin sai ya taho da daɓen.

Ya ce, "Kuma dubi girmansa. Mu Zabarmawa mun daɗe muna faɗin kan Bagobiri iska ce zalla, yau na samu takardar shaida."

Baban Zali ya ce, "Sa naka mu gani. Na'urar cewa za ta yi ba a kawo kowa ba."

Sai likita ya ƙara juya hoton ya nuna mana wani abu. A ɗakin dama akwai wata siririyar katangar ƙashi da ta raba shi biyu, na hagu kuwa babu. Ya ce haka aka halicce shi, ba ciwo ba ne, wasu suna da ita wasu ba su da ita. A bayan katangar, a lungu, ga wani ɗan fari kwance kamar ƙwayar shinkafa. Radiyon farko daga gefe guda yake kallo, ƙasusuwa suka hau kan juna suka ɓoye shi.

Baban Zali ya buga cinya ya ce, "Ƙafa ta uku! Ɗan Tawa, Allah ya isa tsakanina da awartakinka!"

Likita ya ce ya bar wanzami ya huta. Da irin wannan ginin, ko shi ya ja haƙorin ba tare da ya gani ba yana iya hudawa, sai dai shi da a ranar zai ɗinke, a wuce wurin. Ya ce, "Abin da ya harba saiwar nan bayan katanga iska ce mai ƙarfi. Wani ya toshe ramin, kai kuma ka hura. Wa ya toshe?"

Na ɗaga kai ina kallon fanka. Yaya Hassu ta buɗe fuska a karo na farko, don kawai ta nuna ni da baki.

Baban Zali bai kula mu ba, idonsa na kan gilashi. Ya sa yatsa ya ce, "In ni ne, ba zan bi ta ramin ba, katangar za ta tare ni. Ta nan zan shiga, sama da dasashi." Likita ya ce ta nan ɗin zai shiga. Baban Zali ya gyara hula ya ce, "To yanzu ka gani, na gani. Yanka."

An yi aikin lafiya, aka ba mu saiwar a cikin ƴar kwalba. Amma likita ya kafa doka, kuma a gabana ya kafa ta don ya ce bai yarda da Bagobiri ba. Kwana arba'in ba fyace hanci. Atishawa da baki buɗe. Ba hura wuta, ba hura koko, balle rago. Ya ce, "In ɗinkin nan ya ɓalle, na biyu ba ya kamawa kamar na farko. Kana iya rasa hurawar har abada." Wannan maganar ta zauna mini a kai.

Kwana tara da aikin, Zali da ta dawo gida haihuwar fari ta sauka, namiji. Sai na zama mai jinyar masu jego biyu, kowa da kwana arba'in ɗinsa. In dama kunun kanwa in kai ɗakin nan, in kai ɗakin can. Na Baban Zali ni nake hura masa ya huce, yana kallona kamar na ƙwace masa gado.

Ranar suna ita ce ranar da na fi tsoro. Mijin Zali ya kawo rago, aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka yanka a ƙofar gidanmu. Ka sani, tun da Baban Zali ya kafa gida ba a taɓa yanka dabba a ƙofarsa wani ya hura ba. Ga jikansa na fari, ga mahautan Katako duk sun hallara a kan tabarmi. Ina laɓe a zaure ina jin su.

"Sarkin hura, bismilla!"

"Ko usur ɗin ne a busa mana, mu san an yi suna."

Ɗan Tawa, da ya zo yi wa jariri aski, ya ce, "Bari in hura maka, aboki."

Baban Zali ya ce, "Haƙori ka ciro rabi, ragon ma rabi za ka hura?"

Aka kwashe da dariya. Sai na ga ya tsuguna, ya tsaga ƙafar, ya zura tsinke. Ya ɗago ƙafar har ta kai gemunsa, ƙirjinsa ya fara cika. Ban san lokacin da na fito tsakiyar maza ba, ludayi a hannu, ɗankwali a karkace. Na ce, "Baban Zali, ni na toshe ramin farko. Wallahi ba zan toshe na biyu ba."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baban Zali ya tsaya da ƙafar rago a bakin leɓe, yana kallona, ina kallonsa. Can sai ya saki numfashin a hankali ta baki, ya ajiye ƙafar. Ya naɗe hannun riga ya ce a kawo masa ruwa a ƙwarya.

Da dunƙulen hannu ya feɗe ragon nan. Ragon shekarar fari ne, ba kitse, fata ta manne da nama kamar an liƙa. Yana jiƙa hannu yana turawa kaɗan-kaɗan, gumi na zuba, bai yarda kowa ya taɓa ba. Aikin da yake gamawa kafin shayi ya tafasa ya kai shi har rana ta take. Baƙi suna ta mita, wani ya ce yaron zai yi gemu kafin a ci naman sunansa. Da ya gama ya ɗaga fatar a rana ya ce duk wanda ya ga huji ya zo ya nuna. Ba wanda ya tashi.

Ran arba'in muka koma. Likita ya duba, ya danna, ya sa shi ya hura a hankali, ya ce nama ya rufe. Ya ce, "Je ka, bawana, na ƴanta ka. Amma ka fara da ƙarami."

Kashegari wani mai lambu a unguwar Gudel, can bakin kogi, ya kira shi yankan akuya. Na ce zan bi. Ya ce tun yaushe matar mahauci ke bin sa aiki? Na ce tun yau. Kogi ya ja baya har ana ganin yashi a tsakiya, akuyar kuwa ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Aka yanka. Ya tsaga ƙafa, ya zura tsinke. Ya yi bismilla ya kafa baki. Ni ban kalli akuyar ba, matsowa na yi na kasa kunne wajen hancinsa. Ya hura sau ɗaya. Shiru. Ya sake, ya sake, ba abin da nake ji sai bugun tafinsa a cikin akuya, tim, tim. Da na waiwaya, ga ta ta cika ta mimmiƙe ƙafafu sama. Mai lambu ya riƙe haɓa ya ce, "Tun da na saye ta ban taɓa ganin ta ƙoshi ba sai yau."

Baban Zali ya ɗago, ido ya yi ja, ya ce hayaƙin lambu ne. Ba wanda ya kunna wuta a wurin.

Na gode wa Allah, na gode wa Bazabarmen nan, ko da yake maigidana ya hana ni faɗa a gabansa. Amma ina da ƙorafi. Abin da aka gani cikin ƙiftawar ido a gilashi ya ci mana wata uku da tumaki biyu, kuma matan nan da na bari a layi ban san ko wata cikinsu za ta taɓa kaiwa ɗakin sanyin nan ba. In an cire maka haƙorin sama ka ga ruwa ya biyo hanci, kada ka yi dariya irin tawa, kada ka toshe, kada ka hura, ka tafi a ranar.

Kai da kake jin labarin nan kana taɓa kunci da harshe, ka san yadda aka gina naka ɗakin kafin ka buɗe wa mai awartaki baki?